Tsohuwar Muciyar Tukunya Ta Biyu

Shekara uku ke nan Uwar Nikel tana dafa roba. Haka mahaifiyarta ke gaya wa mutane, kuma ba ta yi ƙarya ba. Aikin shi ne a ɗura iskar etilin da ta kabon monoksaid cikin tukunyar ƙarfe, a zuba musu katalis, wato sinadarin da ke shiga tsakani ya sa su riƙe juna bi da bi, har su zama wani farin garin roba da ake kira folikiton. Kowa a ɗakin gwajin jami'arsu da faladiyam yake haɗa katalis ɗinsa, ƙarfe mai tsadar tsiya. Ita kaɗai ta nace wa nikel mai araha, har sunan ya bi ta. Nikel ɗin kuwa bai ba ta kunya ba, duk ranar da ta buɗe tukunya ta biyu, wadda take aiki da ita, sai ta tarar da gari dam.

Saura wata guda ta kare kundin digirinta, ta buɗe tukunyar ta ga ruwa tsararo. Ta sake, ruwa. Ta canja silindar iska, ta haɗa sabon katalis, har sau shida, ko ƙwayar gari babu. Tsoro ya kama ta sosai.

Ta nufi wurin Baba Mai Wanki, dattijon da ke wanke kwalaben ɗakin tun ba ta shiga firamare ba.

"Baba, ka taɓa min wani abu a tukunya ta biyu?"

"Ni ba na taɓa kayan mutane, 'yata. Muciyarki kawai na canja."

Muciya suke kiran ɗan maganaɗisun nan mai farar rigar roba, bai wuce gaɓar yatsa ba, wanda ke juya ruwan cikin tukunya.

"Ta yi baƙi ƙirin, duk ta ƙarje," in ji shi. "Na ce mai shirin zama dakta ba za ta yi aiki da wannan ƙazanta ba."

"Tsohuwar fa?"

Ya jawo aljihun tebur. Baba ba ya zubar da komai.

Ta mayar da tsohuwar muciya, gari ya dawo dam. Murnarta ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba, sai wani tunani ya faɗo mata. Ta yi gwajin da ya kamata ta yi tun makon farko: ta zuba komai, banda nikel. Gari ya fito, har ya ɗan fi na kullum.

Da ta sa muciyar a babban madubin ƙara girma, ta ga ɗigo-ɗigon baƙi sun jeru cikin ƙarjewar rigar robarta. Faladiyam ne, ƙananan ƙwayoyin da ɗaliban da suka gabace ta suka bari shekara da shekaru. Su ke aikin, nikel ɗinta ɗan rakiya ne.

Babu wanda ya sani sai ita. Kwana biyu tana yawo da muciyar a aljihun farar rigarta, tana lissafin cewa masu jarraba kundi ba sa tambayar muciya. A rana ta uku ta gaji da kanta, ta ɗauki hotunan da madubin ya fitar ta shiga ofishin Farfesa, mai kula da aikinta.

Ya daɗe yana kallonsu.

"Ƙwayoyin sun zauna da kyau a jikin robar," ya ce. "Ɗalibaina biyu na neman irin wannan girman tun bara, ba su samu ba."

"Farfesa, kundina fa?"

"Shafi nawa ne?"

"Ɗari biyu da goma."

"Nawa ne babu nikel a ciki?"

Ta ƙirga da yatsu. "Shafin godiya da na sadaukarwa."

"To, ki ajiye waɗannan. Sauran mu fara daga muciyar. Shekara biyu, in kin yi sauri."

Tana fitowa baranda wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, wadda ta fara kiranta Dakta tun ranar da aka ɗauke ta karatun.

"Dakta, na karɓo ɗinkin ranar bikin yaye ku. Tela ya yi ƙoƙari."

"Mama, ki sa shi a akwati tukuna."

"Me ya faru? Robar ce ba ta nuna ba?"

"Ta nuna, Mama," ta ce. "Ba ni na dafa ba."