Damƙin Shinkafar Ubangiji

A shekarar da gorar daji ta yi fure, ba mu yi girbi ba. Tsofaffi sun faɗa mana tun da wuri: in gora ta zubar da 'ya'ya, ɓeraye za su ci su hayayyafa, in sun gama da daji su faɗo gona. Muka kakkafa tarko kamar abin kirki. Da shinkafa ta fara nuna suka zo mata kamar ambaliya. Gonar da Thangkimi da mijinta Rualkhuma suka sare suka ƙone a gangaren dutse, kara kawai aka bar musu.

Aka lallaba da ɗan abin da ya rage har damina ta zagayo, ita kuma ta zabtare hanya. Maza suka goya kwanduna suka sauka da ƙafa zuwa inda mota ke iya kaiwa, don an ce ana rabon shinkafar agaji. Rualkhuma na cikinsu. Tun da suka tafi babu su babu labarinsu.

Manya suna haƙo doyar daji su jiƙa ta su dafa, su haɗiye ɗacinta. Amma Sangtei, 'yar Thangkimi tilo, wadda ko makaranta ba ta daɗe da shiga ba, cikinta ya ƙi doyar. Ta ci ta amayar, ta ci ta amayar, ga gudawa, har wuyanta ya koma kamar na ɗan tsako. Kunun shinkafa kaɗai ke zama a cikinta. Shinkafar da ta rage a gidan kuwa 'yar ƙulli ce a bakin tsohon zane, Thangkimi na tsakurarta kamar magani.

Kowace mace a ƙauyenmu, in za ta ɗora tukunya, sai ta fara cire damƙin shinkafa guda ta zuba a gwangwanin da ke rataye kusa da murhu. Rabon Ubangiji ke nan, don mun ɗauka Yesu ma yana cikin masu cin abincin gidan. Ran Asabar matan zumunta su bi gida-gida su tattara, a sayar a yi aikin ikkilisiya. Gwangwanin Thangkimi ya daɗe bai ga ƙwaya ba. Me za ka cire daga abin da ko tafin hannu bai cika ba?

To amma mu mutanen tsaunin nan muna da wani hali da nake so kuma nake jin haushinsa. Da mutum ya ce yana jin yunwa, gara ya faɗi matacce a tsaye. Ka tambaye shi ya ci abinci, ya ce yanzun nan ya tashi daga kai, alhali hanjinsa na kuka kana ji. Thangkimi ta fi kowa wannan hali. Har ruwa zalla takan ɗora a wuta safe da yamma don maƙwabta su ga hayaƙi.

Wata Asabar tana zaune tana yi wa Sangtei fifita sai ta jiyo masu tattarawa a gidan da ke sama da nata. Ta gane tarin Pi Darchhingi, tsohuwar da ke shugabantar zumuntar mata, ta kuma gane dariyar Lianzami, wadda in ta ga abu da safe, kafin rana ta take ko aladun ƙauye sun ji.

Thangkimi ta daina fifitar. Ta dubi gwangwanin, ta dubi ƙullin zanen. Kunya ce ta fara ɗaga ta, sai wani tunani ya biyo baya ya yi wa kunyar ado: in na ba Ubangiji duka, ai ba zai bar ni haka ba. Zai tashi yarinyar, zai dawo da Rualkhuma gobe. Ta kwance ƙullin ta juye shi kaf a gwangwani.

"Masu gida, muna iya hawowa?" in ji Pi Darchhingi daga ƙasan matakala. "Wayyo gwiwata. Wanda ya gina gidan nan ba ya ƙaunar tsofaffi."

"Hawo, Ka pi," in ji Thangkimi, don haka muke kiran tsohuwa, wato kakata. "Sannunku da yawo."

Lianzami ta karɓi gwangwanin ta jijjiga shi, ta zaro ido. "Iye! Uwar Sangtei, ashe ɓerayen gonarki 'yan coci ne? Sun ci na kowa sun bar miki naki!"

Thangkimi ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ana dai lallabawa."

"Ya jikin 'yar?" in ji tsohuwar tana leƙen shimfiɗa.

"Da sauƙi, Ka pi. Barci take."

Suka juye a buhu suka sauka. Ta tsaya tana sauraren takunsu har ya ɓace.

Gobe ta zo, Rualkhuma bai zo ba. Thangkimi ba ta je sujada ba, don Sangtei ta kwana tana murƙususu. Ta daka doya ta tace ruwan ta ba ta, yarinyar ta dawo da shi a kan zanenta. Leɓunanta sun bushe sun tsattsage. Ko kuka ta daina yi, sai dai ta buɗe ido ta ce, "Kunu," ta sake rufewa.

Bayan an tashi daga coci sai ga matan zumunta a kan hanya da buhu a kwando, suna shiga wannan gida suna tsallake wancan. Thangkimi ta fito bakin ƙofa. Suka zo daidai matakalarta ba su tsaya ba.

"Ba ki ji ba ko?" Lianzami ta ɗago kai. "Dattawan coci sun ce ba za a sayar da shinkafar wannan karon ba. Tun da ba wanda zai buɗe baki ya ce ba shi da shi, an ce a duba gwangwani. Duk gidan da nasu ya zo wayam, su za a ba. Ke kam Allah ya rufa miki asiri, sai ki sa mu a addu'a."

Ga buhu nan a gabanta, shinkafar 'yarta na ciki. Kalma ɗaya ta isa. Kun san abin da ta ce? Ta ce, "Madalla, an kyauta." Har da murmushi.

Ta koma ciki ta durƙusa a gaban murhu, abin da ta daɗe tana dannewa ya ɓalle.

"Ubangiji, me na yi maka? Na ba ka na bakin 'yata, kai kuma ka ɗauka ka kai gidan wasu! Haka ake yi? An ce kana ƙaunarmu. Ina ƙaunar take? Ka nuna mini ita in gani, ni dai ban gan ta ba!"

Ba wanda ya amsa sai ruwan da ke ɗiga daga rufi. Ta juya ga Sangtei ta kira sunanta, yarinyar ba ta motsa ba. Ta girgiza ta, kan ya langaɓe, da ƙyar idon ya buɗe rabi. Nan Thangkimi ta manta da wata aba wai ita kunya. Ta fita ba takalmi, ta hau tudun coci da gudu tana faɗuwa a laka tana tashi.

Ta tarar da matan a barandar coci, Pi Darchhingi na kakkaɓe buhu. Ko tsaba ba ta rage ba.

"Ka pi, ƙarya na yi!" Muryarta ta fita har ƙasan tudu. "Ba mu da komai. Na Sangtei ne na juye muku, na ƙarshe ke nan. Ruwa nake dafawa don ku ga hayaƙi. 'Yata za ta mutu, ku taimake ni!"

Matan suka juyo gaba ɗaya. Lianzami ta dafe baki.

Tsohuwar ta ajiye buhun a hankali. "Zo nan, 'yar banza," ta ce, idonta cike da ƙwalla. "Na tambaye ki jiya ko ban tambaye ki ba? Ranar wanka ake ɓoyon cibi?"

"Na ce in na ba shi duka zai ji tausayina."

"Au, ciniki kika shiga da shi? Ke da kika haifa, sai Sangtei ta ba ki wani abu kafin ki so ta? Tun kafin ki san hanyar murhu yake ƙaunarki. Damƙin nan godiya ce, ba kuɗin ƙauna ba."

"To yana ina? Na kira shi ya yi mini shiru."

"Ni ma ban san duk hanyoyinsa ba, 'yata. Na binne 'ya'ya, na yi masa ihun da ya fi naki, bai taɓa sakina ba ko a ranar da na sake shi. Wa kike tsammani ya fizgo ki daga ɗakin nan ya hawo da ke tudu? Je ki ɗora ruwa."

"In dafa me, Ka pi? An rabar!"

"Na ce je ki ɗora ruwa."

Thangkimi ta sauko ba don ta yarda ba, sai don ba ta da wurin zuwa. Ta hura wuta ta ɗora tukunya, ta ɗauki Sangtei ta rungume. Jikin ba nauyi. Ruwa ya tafasa ya ƙone, ta ƙara wani. Ta taga tana hango hayaƙi na tashi daga gidajen da aka ba shinkafa, ƙanshin na shigo mata har ɗaki, tana jin kamar ta yi hauka. Ba za ta iya zuwa ta ce su dawo da shi ba, su ma 'ya'yansu sun daɗe ba su ga shinkafa a tukunya ba. Addu'a ma ta ƙare mata. Sai sunan Yesu kawai take maimaitawa a kunnen yarinyar, tana sa yatsa a hancinta don ta ji ko numfashi na nan.

Rana ta kusa faɗuwa ta ji tari a ƙasan matakala. Pi Darchhingi ce ke hawowa da rarrafe, laka har gwiwa, Lianzami na tura ta daga baya, da kwano a rufe da gefen zane.

"Ban roƙi kowa ba," in ji tsohuwar tana haki. "Na san matan garin nan. Ko ƙwaya goma aka ba su, ba za su ɗora tukunya ba sai sun cire damƙi. Bi kawai na yi na ce Asabar ta zo da wuri."

Ta buɗe kwanon. Shinkafa ce iri-iri a gauraye, ja da fara, ba ta cika kwanon ba, amma za ta riƙe yarinya har maza su dawo, in Allah ya dawo da su.

Thangkimi ta kwantar da Sangtei ta karɓa tana kuka. Ta kai bakin tukunya, sai hannunta ya yi abin da ya saba: ya damƙi shinkafa ya nufi gwangwani. Tsohuwar ta cafke wuyan hannun.

"Ina za ki kai?"

"Rabon Ubangiji, Ka pi."

"Wannan ba a cire masa komai. Duka rabonsa ne. Daga kwanonsa ya ɗebo ya aiko wa 'yarki. Zuba."

Thangkimi ta buɗe yatsunta a kan tukunyar. Da kunun ya yi, Lianzami ta tallafo kan Sangtei, Thangkimi ta hura cokali ta kai bakin da ya tsattsage. Na farko ya zubo ta gefe. Ta share, ta sake ɗebowa, ta ɗiga kaɗan a kan harshe. Su ukun suka zuba wa ɗan siririn wuyan ido, har maƙogwaron ya motsa.