Ruwan Da Ba Shi Da Mai Shi

Malam Idrisa basarke ne, masunci ɗan Yawuri, wanda ya iya iyo tun kafin ya iya gudu, amma shekara ashirin da biyu ke nan yana Madina bai jefa ƙugiya a ruwa ba. Ina ma ruwan yake? Gadin wata gonar dabino yake yi a Ƙiblatain, kuma ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. Shi ya sa ko bakin gari ba ya zuwa, don ya san ranar da 'yan jawazat masu binciken takardu suka damƙe shi, sai gida Najeriya, matarsa Fatna ta zauna ita kaɗai a nan.

A hunturun 1978 aka kwana uku ana sheƙa ruwa a kan duwatsu. Bayan ya ɗauke, sai ga Ɗan'inna, direban babbar mota a hanyar Haibar, haifaffen Harra ta Gabas mai takardar ɗan ƙasa a aljihu, ya faɗo gonar yana washe baki.

"Ya ammi, baffana, albishirinka! Sel, ruwan ambaliya, ya sauko, kwarin da ke bayan duwatsu ya cika maƙil. Jan ruwan ya kwanta, yanzu garau yake, kana hango tsakuwa. Wallahi da la'asar kifi tsalle yake yana cafke ƙwari a saman ruwa. Juma'a mu tafi."

Daɗi ya kama tsohon. Amma ruwa ba ya tsami banza. Ya tuna surukin Ɗan'inna, Balarabe, wata uku ba aikin fari ba na baƙi, kuma sau biyu ya zo gonar nan yana yaba inuwarta.

"Ruwan wane ne?" in ji Idrisa.

"Na'am?"

"Na ce wa ke da ruwan? Wa za mu gaisar kafin mu jefa?"

Ɗan'inna ya tuntsire da dariya. "Ruwan Allah ne, ammi. Ma fi ahad, ba mai shi."

To, a nan maganar ta lalace. A Yawuri ko tafkin da awaki ke sha yana da mai shi, kuma wanda duk ya gayyace ka su a ruwan da bai faɗi ubangidansa ba, duka yake nema maka. Idrisa ya gama lissafinsa: a sa shi a mota, a tsaya a shingen bincike, a miƙa shi, Balarabe ya gaje inuwa. Ya shafa gwiwa ya ce ƙafa ta matsa masa, su je, Allah ya ba da sa'a.

Sai dai da ya koma gida ya fiddo tsoffin ƙugiyoyinsa daga ƙasan adaka, ya fige gashin wuyan zakara yana ɗaurawa da zare, yadda za su yi yawo a saman ruwa kamar fara.

"Mai ciwon ƙafa," in ji Fatna, "me zakarana ya yi maka?"

"Ke dai bari. In kin ga kare na sunsunar takalmi, ɗauka zai yi."

"Malam, Ɗan'inna fa a gabanmu ya yi aure."

"A gabanmu ya koyi wayo."

Ranar Asabar Ɗan'inna ya dawo da gwangwanin madara cike da ruwa, 'yan kifaye biyu kamar yatsa suna kewayawa a ciki. Idrisa ya karɓa yana harararsa, ya tabbata daga kasuwa aka sayo na tekun Yanbu. Ya ɗanɗana ruwan, babu gishiri. Ya sunsuna, sai ƙamshin laka da gansakuka ya bugi hancinsa, irin na bakin kogin Kwara da hantsi.

"Da hula muka kama waɗannan," in ji Ɗan'inna. "Manyan sun ƙi burodinmu, wuni muka yi suna yi mana tsalle a fuska. Ni don kai na nemo hanyar baya ta cikin harra, dajin baƙin dutsen nan, wadda ba shinge ko ɗaya. Ka ɗauka ban san matsalar iƙamarka ba?"

Kunya ta rufe Idrisa. Ya ce ƙafar ta yi sauƙi.

Motar ba ta sami sarari ba sai bayan mako biyu. Suka sha kwaramniyar baƙin dutse har azahar, suka gangara kwarin, Idrisa na gaba yana sauri kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba. Yashi ya riga ya shanye ruwan. Laka ce kawai ta tsattsage, ga busassun kifaye tsuntsaye na tsattsaga.

Tsohon ya durƙusa ya kama tono da hannu.

"Ammi, me kake nema?"

"Gaiwa. In ruwa ya janye tana shigewa ƙarƙashin laka ta jira damina."

Bai yi taƙi ɗaya ba farcensa ya ci karo da dutse. Ya matsa gaba ya sake tonawa, nan ma dutse. Ya zauna daɓas yana haki.

"Yaushe zai sake cika haka, ɗana?"

Ɗan'inna ya sosa ƙeya. "Allahu a'alam. Wancan karon da ya cika, ina makarantar allo."

Idrisa ya ɗaga kai ya dubi furfurar da ke gemun Ɗan'inna.