Agogon Jar Mota

Mai Agogo yana tsaye a kan kujerar roba, hannu ɗaya dafe da bango, ɗayan yana kokawa da ƙusar da aka rataye agogon ɗakin, sai muryar ta sake fitowa daga kan gado.

"Agogo... ƙarya."

"Ka ji ko?" in ji matar gidan. "Tun hantsi ba shi da wata magana sai wannan."

Mai maganar Direba ne, maƙwabcinsa, wanda katanga ɗaya ta raba su tun 'ya'yansu suna rarrafe. Ɓarin jikinsa ya shanye karo na biyu, kuma wannan karon likita bai yi wani kwana-kwana ba, ya ce a mai da shi gida ya huta a kan gadonsa. Kowa ya gane abin da ake nufi da hutun. Bakin Direba ya karkace, hannun dama ya mutu, kalmomi sun ƙare masa sai waɗannan biyun, yana ta jefa su kamar mai buga ƙofar da ba kowa a ciki. Shi ya sa matarsa ta leƙa ta kan katanga ta kira wanda aikinsa ke nan.

Mai Agogo ya sauko da agogon, ya gwada shi da na hannunsa. Daidai suke, ko daƙiƙa babu tsakani. Ya buɗe bayansa duk da haka, ya taɓa batirin da harshe, ya mayar. Aka ciro na hannun Direba daga durowa, shi ma yana tafiya lafiya lau. Mai Agogo mutum ne da ya tsani a kira shi gyaran abin da bai lalace ba, kuma da wata rana ce da ya faɗa. Yau sai ya kai agogon bangon har gaban fuskar mara lafiyar, ya ce masa ya duba da kansa, gaskiya yake faɗa.

Direba ya kawar da kai. Hawaye ya gangaro daga idon da ke aiki, ba na ciwo ba, na haushi. Mai Agogo ya san wannan kallon. Shi ne kallon da Direba yake yi wa wanda ya miƙo masa sifana goma alhali sha biyu ya ce.

Mai Agogo ya matsa jikin taga don ya ba idonsa wani abin kallo. Rumfar kwanon da ke tsakar gida wayam take. Tamfol a naɗe a gefe, tabon baƙin mai a kan siminti, tsofaffin tayoyi jingine da bango.

"Maman Auta, ina jar motar?"

Ta ce ai Auta ta tafi da ita garin da take aiki tun kafin ciwon ya tashi. Uban ne ya danƙa mata makulli da hannunsa. Ta ƙara da cewa ta kira ta ɗazu, ta ce mata ta bar komai ta taho, ta yi sauri, in tana son ta same shi. Yanzu haka tana hanya.

Jar motar nan duk layin ya san ta. Gawar mota ce lokacin da Direba ya jawo ta da igiya bayan ya ajiye aiki, kaji na ƙwai a kujerar baya, mutane suna dariya suna tambayarsa ko kilo nawa masu gwangwan suka ce. Ya share shekaru a ƙarƙashinta. Giyarta ta asali ta gagara samuwa, sai ya ɗora mata ta wata mota, ya sa mata tayoyin da suka ɗara nata girma. Ranar da ta tashi, sai da ya zagaya unguwa yana danna hon kamar yaro. Kuma a ranar ce, Mai Agogo ya tuna yanzu, Direba ya tsaya a ƙofar shagonsa, gwiwar hannu a kan taga, ya ce wata rana zai kawo masa agogon nan nasa ya duba, yana yi masa ƙarya. Mai Agogo ya kalli tsintsiyar hannunsa ya ce ya kawo mana. A wurin mai gyaran agogo, agogo ɗaya ne a duniya. A wurin direba kuwa, wanda ke bayan sitiyari shi ne agogo.

Nan take Mai Agogo ya gane. Ya dawo bakin gado ya durƙusa.

"Direba. Na mota kake nufi? Mai nuna gudu?"

Hannun hagun ya cafke wuyan hannunsa da ƙarfin da bai zaci ya rage ba.

Sauran ya fito da tambaya da matsa hannu. Allurar tana ƙara gudu ne? Shiru. Tana ragewa? Matsa. In ta nuna sittin, saba'in ake yi? Shiru. Tamanin? Matsa, har farce ya shiga fata. Direba da kunne yake tuƙi, kukan inji yake saurara, allura a wurinsa ado ce, shi ya sa gyaran ya yi ta zama sai gobe. Amma Auta da ido ya koya mata. Mai Agogo ya sha jin sa ta kan katanga yana nanata mata cewa birkin wannan mota na zamanin da ne, kada ta kuskura allura ta wuce tamanin, musamman a gangaren dutsen nan mai kwana da ke kan hanyar shigowa. Auta kuwa yarinya ce mai jin magana. Za ta ɗora allurar a kan tamanin cif, ta riƙe ta a nan, tana ganin ta bi umarnin ubanta, alhali ta haura ɗari.

Mai Agogo ya karɓi wayar matar ya kira Auta. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ya sake. Ya sake. A karo na gaba sai muryar nan ta kamfani ta ce ba a samun lambar, wato ta shiga cikin duwatsu inda sabis yake ɗaukewa. Numfashin Direba ya koma wani iri, yana ja da tsawo, ya tsaya, har sai an fara kallon juna sannan ya dawo.

Matar ta riƙe hannun rigarsa. Ta fahimci komai.

"In ka ce ta rage gudu, ba za ta same shi ba."

"Na sani."

"Ita kaɗai ce ba ta gan shi ba. Ni na ce ta yi sauri."

Ya ji tausayinta har cikin ƙashinsa, ya kuma ji tsoro irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro. Ya nuna mata gadon kawai. Direba yana kallon wayar, ba ya kallon kowa. Ta saki rigar, ta zauna a gefen katifa, ta rufe bakinta da mayafi.

Mai Agogo ya sake kira, wayar ta shiga. Ƙara ɗaya, biyu, sai kukan iska da na inji, sai muryar Auta a sama.

"Mama? Ya tafi ne?"

"Ni ne, Kawunki Mai Agogo. Yana nan da ransa. Ɗaga ƙafarki daga totur, kada ki taka birki da ƙarfi, ki gangara gefen titi ki tsaya."

Ta fara gardama, ta ce ba ta wuce tamanin ba, ta kusa gangaren, a bar ta ta ƙaraso. Bai taɓa ɗaga mata murya ba tun tana zuwa shagonsa kallon ƙananan sukurori, yau ma bai ɗaga ba. Ya ce mata saƙon babanta ne, kuma shi ne abin da yake ta ƙoƙarin faɗa tun safe. Aka ji kukan injin yana sauka a hankali, ya daɗe yana sauka, ya fi yadda ya kamata a ce tamanin ta daɗe. Sai ƙarar tsakuwa, sai shiru.

Ya yi mata bayani a gajarce. Ya tambaye ta ko akwai abin rubutu a jakarta, ta ce sai janbaki. Ya ce ya isa. Ta ja layi a kan gilashin agogon, daidai kan sittin. Wannan layin shi ne tamanin ɗin babanta. A gangaren kuma ta sa giya ta biyu, kada allura ta ko matso kusa da shi.

"Kawu, in na yi haka zan makara."

Mai Agogo ya kai wayar kunnen Direba. Bakin ya motsa, ya motsa, babu abin da ya fito sai iska. Amma ta ji iskar.

"Na ja layin, Baba," ta ce. "Ga shi nan ja. Zan taho a hankali."

Yatsun da ke wuyan hannun Mai Agogo suka saki ɗaya bayan ɗaya. Ba mutuwa ba ce tukuna, sakin jiki ne irin na wanda ya sauke kaya. Direba ya rufe ido. Matarsa ta matso ta ɗora tafin hannunta a goshinsa tana yi masa addu'a ƙasa-ƙasa, numfashin yana zuwa yana tsayawa, tsayawar tana ƙara tsawo. Rana ba ta gama barin tsakar gida ba lokacin da ya tsaya bai dawo ba.

Mai Agogo ya fita ƙofar gida, don bai ga amfanin kansa a ciki ba. Maza sun fara taruwa, ana fito da benci. Yana tsaye a nan jar motar ta shawo kwanar layin, tana tafe kamar mai tsoron taka ƙasa, har wani mai keke ya wuce ta. Ta tsaya a gabansa. Auta ta kalli bencin, ta kalli mazan da suka sunkuyar da kai, ta kashe inji.

Ya sunkuya a tagar. Ba ta tambaya ba, bencin ya riga ya faɗa mata.

"Ban wuce layin ba, Kawu," ta ce.

"Ya ji ki."

Ba ta fito ba. Hannayenta biyu suna kan sitiyari, injin yana ƙas-ƙas yana hucewa, shi kuma ya tsaya riƙe da marfin ƙofar bai buɗe ba.