Tantanin da ke Zuciyar Gumsu

Tun Gumsu tana ƙarama ba ta iya gudu. In 'yan mata sun je ɗiban ruwa bakin kogi, ita ce ta ƙarshen dawowa, tana tafe tana tsayawa tana haki. A ƙauyensu da ke gabas da Kirikasamma aka ce asma ce. Da ta auri Shu'ibu masunci, ta kama bandar kifi kamar sauran matan unguwa, sai tari ya ƙaru, wata rana har da jini. Aka ce tarin fuka ne. Ta sha magani wata da watanni, aka ware mata kwanonta, tarin bai tafi ba.

Shu'ibu ba ya iya zama wuri ɗaya. Duk inda ya ji labarin mai magani, Miga ne ko Kaugama, sai ya ɗora ta a babur. Da damina ta yi nisa, kogi ya cika, ƙafafunta suka kumbura, barci ma sai a jingine. Ya sa ta a kwalekwale, ya ratsa ciyawar kacalla da ta toshe ruwan har bakin titi, suka hau mota zuwa Haɗeja.

Likitar da ta duba ta, Dakta Adila, ta daɗe tana sauraron ƙirjinta. Aka gwada kakinta, ba a sami ƙwayar tarin fuka ba. Likitar ta ce ita kam zuciya take zargi, ba huhu ba, ta tura su Kano inda ake da na'urar da ke nuna zuciya a allo.

A can wani Dakta Fatihu ya shafa mata mai mai sanyi a ƙirji, ya yi ta zagayawa da kan na'urar a wurin, ya kira abokin aikinsa, su biyu suka ƙura wa allon ido. Sannan ya yi bayani. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta. A ɗakin da jini ke dawowa daga huhu, akwai wani tantani da ya raba shi biyu tun Gumsu tana ciki, 'yar kafa kawai ya bari. Jini ba ya samun wucewa sosai, sai ya taru a huhu. Ya ce abu ne da ba kasafai ake ganinsa ba, amma yana gyaruwa: za a buɗe ƙirji, a tsayar da zuciyar, inji ya riƙe aikinta, a yanke tantanin.

Shu'ibu ya fita, ya dawo, ya sake fita. Ya kira surukarsa Asabe a waya, ita kuwa ta ce ba wanda zai tsayar da zuciyar 'yarta tana raye. Ya kira wansa, ya kira limamin ƙauye, kowa da tasa. Ya dawo yana cewa ko su koma gida su ƙara shawara.

"Maigida, zauna," in ji Gumsu. "Kai-kawonka ya fi ciwon gajiyar da ni."

Ta karɓi wayar ta kira uwarta. "Inna, na gaji da barci a zaune. Na yarda a yi. Addu'arki kawai nake so."

Asabe ta kashe wayar.

Ba a yi aikin nan take ba. Sai da aka ba ta magungunan da suka janye ruwan jikinta, suna zaune gidan kawunta Bakari a Fagge. Ana cikin jira labari ya zo cewa ruwa ya fasa jinga ya shanye shinkafar Shu'ibu. Ya tafi ya gani, washegari ya dawo da taɓo a ƙafa.

Ranar aikin aka shiga da ita da safe. Shu'ibu ya auna barandar asibitin da ƙafa har wata ma'aikaciya ta roƙe shi ya zauna. Ya je masallaci, ya kasa tuna raka'a nawa ya yi. Da ya dawo sai ya tarar da Asabe a kan benci, da ƙullin kayanta a cinya. Ba ta taɓa zuwa Kano ba, ita kaɗai ta yi ta tambaya har ta iso. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa ba ta dube shi ba, idonta na kan ƙofa.

Bayan la'asar likitan da ya yi aikin ya fito. Ya ce an cire tantanin, kuma da aka maido da jini cikin zuciyar, ta tashi da kanta. Asabe ta tambaya ko za ta iya ganinta. Ya ce sai gobe, ta tagar gilashi.

Gumsu ta sha ciwon ɗinki, tari ɗaya sai ta rungume matashi. Da za a sallame ta, likita ya hana ta ɗaukar kaya mai nauyi da zama cikin hayaƙin banda har wani lokaci.

A gida zaman ya ishe ta. Ta ɗauki tsintsiya, Asabe ta ƙwace. Ta taɓa turmi, aka ɗauke shi. Rannan da hantsi ta yafa mayafi, ta ce za ta je ta ga inda jingar ta fashe. Shu'ibu ya ce da nisa, bari ya ɗauko babur. Kafin ya tayar da shi ta wuce masallaci, sai ya jingine shi ya bi ta a ƙasa.