Mai Yankan Marmara a Firenze

Shekara arba'in da biyu Ardelio ya yi yana yankan marmara a duwatsun Carrara kafin gwiwa ta zaunar da shi. Yatsu biyu ya bari a can, da rabin jinsa. Firenze ba ta wuce tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa ba, amma bai taɓa zuwa kallon mutum-mutumin Dauda ba, wanda masassaƙi Michelangelo ya sassaƙa da marmarar Carrara. In an yi masa zancen sai ya ce, "Dutsen garinmu ne, na san danginsa."

'Yarsa Nerina tana koyar da tarihin zane da sassaƙa a wata sakandare a Firenze. Tun da mahaifiyarta ta rasu, tsohon ya daina ko fita shan kofi da abokansa. Ta yi ta matsa masa har ya yarda ya zo, wai don ya huta da mitarta.

Sun kusa awa guda a layin shiga gidan tarihin da mutum-mutumin yake, yana ta ƙorafi.

"Mutane sun taso tun daga Japan don su ga ƙato babu wando."

"Baba, rage murya mana."

"Ai ba sa jin Italiyanci."

"Na bayanmu 'yan Pisa ne, 'yan ƙasarmu."

"To, su ma ɗin ba ji suke yi ba."

Da suka shiga, Nerina ta soma bayani kamar tana gaban aji: shekarar Michelangelo ashirin da shida lokacin da ya karɓi aikin, dutsen kuma ya daɗe a yashe, masassaƙa biyu sun taɓa shi sun bari. Ardelio bai ko ɗaga kai ya dubi fuskar ba. Ya goya hannu a baya, ya zagaya sau biyu a hankali, yana duban ƙafafu da gadon baya, irin duban da mai saye ke yi wa bijimi a kasuwa.

"Dutsen ba na kirki ba ne," in ji shi. "Dubi 'yan ramukan nan. Da ta hannuna ya biyo, matakala zan ce a yi da shi. Ga shi siriri. Shi ya sa masassaƙin bai bar hannuwan sun yi nisa da jiki ba, babu wuri."

Nerina ta karanta kusan haka a littattafan masana, amma ba ta taɓa jin sa daga bakin wanda ya duba da idonsa kawai ba.

Tsohon ya samu benci ya zauna, ya miƙe ƙafar da ke damunsa. Sai a lokacin ya dubi fuskar, ya daɗe yana dubanta.

"Ya iya aiki," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Wa ya sauko da shi daga kan dutse?"

"Wa fa?"

"Dutsen. Lokacin babu inji. Igiya ce da katako, da mutane a gaba suna jera itace. Haka kakana ya yi aiki. Mai wannan girman da wuya ya sauko bai taɓa wani ba."

Ta san sunayen waɗanda suka ba da aikin, ta san ranar da aka fara tsayar da mutum-mutumin a dandali. Wannan tambayar kuwa, shekara goma sha tara tana koyarwa, ba ta taɓa zo mata ba.

"Ban sani ba, Baba."

"Ba a rubuta ba?"

"Wataƙila an rubuta. Ni ce ban nema ba."

Ya gyaɗa kai, ba tare da wani haushi ba.

A bakin kasuwa suka ci burodi da tumbi a tsaye. Nan ta roƙe shi ya zo ajinta ya faɗa wa ɗalibai abin da ya faɗa mata. Ya ƙi, ya ce shi bai iya magana a ɗaki ba, in suna so su hau duwatsun Carrara su same shi.

Da bazara ta kai masa ɗalibai ashirin da uku. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tsaya a bakin tsohon ramin da ya yi aiki, ya nuna musu yadda ake ƙwanƙwasa dutse a ji ko akwai tsaga a ciki. Direban bas sai da ya yi oda sau uku kafin tsohon ya sake su.

Sunayen waɗanda suka sauko da dutsen kuwa, Nerina ta je ɗakin ajiye tsoffin takardu sau huɗu. Har yanzu ba ta same su ba.