Tafintan Taron Aliero

Shekara uku Malam Alu na Gumbin Kure yana fitsarin jini bai gaya wa kowa ba. Da farko ya ce tsargiya ce, irin wadda duk wanda ya tashi cikin ruwan fadama ya sani tun yana yaro. Ya sha jiƙe-jiƙe, ya ci gaba da ban ruwan albasarsa. Wannan sakaci ne, kuma da yawa daga cikin mazanmu shi ke kai su kabari: cuta in ta kama ƙasan cibiya, sai a rufe baki a ce kunya.

Sai da gudan jini ya toshe shi kwana guda cur, sannan ya hau babur zuwa asibiti a Jega, a shekarar da korona ta hana mutane musabaha. Likita Ubaidullah ya duba shi, ya ɗauki hoto, ya ce kansar mafitsara ce. Tun daga ranar abinci ya daina yi wa Alu daɗi. A gida ya ce wa matarsa Tasalla basir ne.

Bayan mako biyu likitan ya kira shi. Ya ce za a yi taron likitoci a kan irin wannan ciwo. Saboda annoba, kaɗan ne za su zauna a zaure a Aliero, manyan kuwa daga Ibadan da Masar ta na'ura za su shiga. Suna son su yi wa majinyaci tambayoyi da bakinsa, su faɗi ko zai yiwu a yi masa aiki.

"Wa za shi gane ni?" in ji Alu.

"Babu. Ba za a faɗi sunanka ba, kuma takunkumi na fuskarka."

Ranar taron ya zauna a ofishin likita, gaban kwamfuta. Allon ya rabu gida-gida. Ga wata farar mata da tabarau, ga wani dattijo mai furfura daga Ibadan, ga zauren Aliero da kujeru nesa da juna. Likita ya gaya masa dokar taron: wanda ke duba majinyaci ba ya yi masa tafinta, don kada ya sa masa magana a baki. An zaɓi wani ma'aikacin jinya a zauren.

Mutumin ya matso gaban na'ura ya yi sallama. Ko da takunkumi Alu ya san wannan murya. Zayyad ne, mijin Balkisu, 'yarsa ta fari. Shekara shida da auren, Alu bai taɓa cin abinci a gaban Zayyad ba, bai taɓa kiran sunansa ba. In sun haɗu a hanyar kasuwa, Zayyad kan cire takalmi ya durƙusa, shi kuma ya amsa yana kallon gefe.

Dattijon Ibadan ya yi Turanci. Zayyad ya ce, "Malam, suna tambaya tun yaushe kake ganin jini, kuma a farkon fitsari ne ko a ƙarshe?"

Likita ya taɓa hannun Alu.

"Wata guda," in ji Alu, can ƙasa-ƙasa.

Kalma biyu sun isa. Zayyad ya tsaya cak. Sannan, a gaban likitocin zauren da baƙi na ƙasashen waje, ya ajiye takardar hannunsa ya durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

Zauren ya yi tsit. Farar matar ta matso da fuskarta tana tambayar ko na'ura ce ta lalace. Alu ya ɗaga hannu zai ture kwamfutar, likita ya riƙe ta.

"Malam Alu, wallahi ban san surukinka ba ne. In ka ce a tashi, yanzu zan kashe. Amma ka ce wata guda, ni kuwa shekara uku ka gaya mini. Da abin da ka faɗa za su yanke shawara. Kuma hanyoyi a rufe suke, ban san yaushe za ka sake samun mutanen nan ba."

Alu ya tuna gudan jinin nan, da yadda ya dafa bangon makewayi yana kiran sunan Allah. Ya ji tsoron ya mutu a haka, a toshe, mata na kuka a tsakar gida ba su san abin da ya kashe shi ba.

Ya miƙe, ya juya kujerar ta fuskanci bango, ya zauna ya ba na'urar ƙeya.

"Hwaɗa ma wancan shi tashi tsaye," ya ce wa likita. "Shi yi aikinshi. Shekara uku ne."

Haka aka yi sauran tambayoyin. Sau nawa yake tashi fitsari, yaya zafin yake, yaya yake da iyalinsa. Alu na amsa wa bango, Zayyad na juyawa Turanci idonsa a ƙasa.

Likitocin suka daɗe suna magana a tsakaninsu.

"Baba," in ji Zayyad, "sun ce za a iya aiki. Za a cire mafitsarar gaba ɗaya. Amma kada a wuce watan nan."

"Tambaye su, in an yi, ina tashi?"

Zayyad ya tambaya. Dattijon ya ba da amsa gajeriya.

"Sun ce an makara sosai. Ba su yi alkawari ba."



"To," in ji Alu, har yanzu bango yake kallo. "Ka zo da mota ran Asabar mu tahi a yi aikin. Ita kuwa waccan ta gidanka, kada ta ji daga bakinka. Ni za ni gaya mata."