Takardar Nusaiba

"Malam, duba min mi anka rubuta," in ji Rakiya, maƙwabciyata, tana miƙo takarda ta saman katangar da ta raba gidajenmu a Abare.

Ɗiyarta Nusaiba na goye a bayanta, shekararta biyu. Kwana huɗu ke nan ba ta riƙe ko kunu. Ma'aikatan lafiya sun ɗebi jinin yaran unguwa, aka aiko da sakamako ranar kasuwa. Mijinta Tanko yana can ramin zinariya, ni kuma ni ke koyar da Turanci a firamare.

Na ga kalmar lead, na ga high, wato sama, a gabanta. Na san kalmar lead, a aji na sha koyar da ita: jagoranci, shiga gaba.

"Ki kwantar da hankalinki," na ce. "Cewa sunka yi tana gaba, jininta ya fi na sauran yara."

"To mi ya hana ta cin abinci?"

"Wataƙila haƙora ne."

Ta yi min godiya har sau biyu.

Ranar Laraba da hantsi na ji ihunta. Na tarar da yarinyar kan tabarma tana jijjiga, idanu sun kafe, kusa da turmin da ake daka dutsen zinariya. Na tada babur, Rakiya ta hau da ita, muka nufi Anka. Duk ramin da muka faɗa sai ta ce, "Malam, ƙara wuta, jikinta na saki."

A asibiti wata nas mai suna Lucy ta karɓi takardar. Fuskarta ta canza.

"Tun yaushe wannan take hannunku?"

"Kwana uku," na ce. "Ai lead ne, tana gaba."

"Rubutun ɗaya ne, Malam, amma kalma biyu ce. Taka ana jan ta, a ce liid. Wannan led ce, dalma. Gubar dalma ce, ta ƙurar dutsen zinariya, ta yi mata yawa a jini. Ranar ya kamata a kawo ta."



"Ku yi mata wani abu," na ce. "Ni na karanta. Laifina ne, ba na uwar ba."

Sun yi iya yinsu. Kafin la'asar Nusaiba ta cika.

A hanyar komawa ban iya gudu ba. Rakiya na rungume da ita cikin zane. Da muka kusa gari na kira sunanta.

"Rakiya, ki gafarta min."



"Abin da ka sani ka faɗa min, Malam," ta ce. "Kula da hanya."

Washegari da na fito alwala, na hangi takalman roba guda biyu, ƙanana, an wanke su an jingine a bakin rijiyar su Rakiya, ruwa na ɗiga.